Layi Ɗaya, Kawuna Takwas: Ɗaliban Damagaram Ba Ɓarayi Ba Ne

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakunan kwanan ɗalibai a birnin Damagaram bayan sallar isha'i, ko ɗakunan haya na unguwannin da ɗalibai suka cika, ya san wani ɗan akwati da ba a raba shi da wurin. Wani lokaci a kan taga ake ɗora shi, wani lokaci a rataye shi da ƙusa a kusurwar da rezo ya fi kamawa, wani lokaci kuma tsohuwar wayar salula ce kawai mai fasasshen gilashi, an jona ta da caja, an hana kowa taɓa ta. Ta wannan abu guda intanet ke shigowa ɗakin, daga nan ta rarrabu zuwa kwamfutoci biyu ko uku da wayoyi shida ko bakwai. Mutum ɗaya ne ya yi rajistar layin da katin shaidarsa, sauran kuwa karo-karo suke yi a farkon wata, kamar yadda iyayensu mata ke zubin adashi a ƙauye.

A ɗauki misalin yaron da ya fito daga Tirmini, garin nan da ke bakin babbar hanyar kwalta mai lamba 1, tsakanin Takeita da Damagaram. Mahaifinsa manomin hatsi da wake ne, abin da zai aiko masa kuwa sai bayan kaka, in damina ta yi kyau ke nan. Kuɗin tallafin karatu, ga wanda ya dace da samunsu, kowa ya san ba kullum suke zuwa a kan kari ba, domin bashinsu ya daɗe a cikin jerin koke-koken ƙungiyar ɗalibai ta USN. Amma malami ba ya jiran tallafi. Darasi ya koma cikin WhatsApp, littafin da babu shi a ɗakin karatu sai an sauko da shi daga intanet, kundin kammala karatu kuma ba ya rubutuwa sai an leƙa abin da wasu suka riga suka rubuta a Dakar ko Zariya. Idan yaron nan ya ce shi kaɗai zai riƙa sayen mega kullum, to wata rana sai ya zaɓa tsakanin mega da tuwon dare. Idan kuwa su takwas suka haɗa jika-jika, sai su sayi babban kaso na wata guda, wanda kowace mega a cikinsa ta fi araha nesa ba kusa ba. Lissafin bai wuce na matan da ke haɗa kuɗi su sayi buhu su raba da tiya ba, maimakon kowace ta riƙa awon kofi-kofi a shago.

Sai dai akwai masu yi wa wannan dabara kallon hadarin kaji. Suna cewa ai mutum ɗaya aka sayar wa layi, saboda haka hawan mutum bakwai a kansa cin haƙƙin kamfani ne, kuma asara ce ga baitulmali tunda harajin kai takwas ya koma na kai ɗaya. Maganar tana da daɗin faɗa a ofis mai na'urar sanyi. Amma wanda ya san yadda intanet ke aiki ba zai iya maimaita ta ba tare da jin kunya ba, domin kuwa a kan wannan rabo ɗin aka gina intanet ɗin da kowa ke amfani da ita a yau.

Ga yadda abin yake. Kowace na'ura da ke magana a intanet tana bukatar adireshi, wato wata lamba da za a san inda za a mayar mata da amsa. Tsarin da aka shimfiɗa a 1981 ya tanadi lambobi kimanin biliyan 4 da miliyan 300, waɗanda a wancan zamani aka ɗauka ba za su taɓa ƙarewa ba. Tun farkon shekarun 1990 masana suka hango ƙarewarsu, a 1994 kuma wasu injiniyoyi biyu, Kjeld Egevang da Paul Francis, suka wallafa wata dabara da aka laƙaba wa suna NAT. Misalinta shi ne babban gidan gandu mai zaure ɗaya. Mai kai wasiƙa lambar gidan kaɗai ya sani. A zaure akwai wani dattijo da littafinsa: idan mai ɗakin kudu ya ba da saƙo, sai dattijon ya rubuta a littafi cewa wannan daga ɗakin kudu ya fito, ya buga masa lambar gidan, ya aika, idan amsa ta dawo sai ya duba littafin ya miƙa wa mai ita. Ɗan akwatin nan na kan taga shi ne dattijon zaure. Lambobin da yake raba wa kwamfutocin ɗaki, waɗanda galibi da 192.168 suke farawa, na cikin gida ne zalla, ana maimaita irinsu a miliyoyin gidaje a duniya ba tare da wani ya taka na wani ba, domin ba su ƙetare zaure.

Ba a ɓoye aka yi wannan ba. A 1999 kamfanin Microsoft da kansa ya saka hanyar raba layi a cikin bugu na biyu na Windows 98, a shekarar ne kuma na'urorin wifi suka fara bazuwa a kasuwa, yau kuwa kusan babu wayar zamani da ba ta zo da maɓallin raba layi daga masana'anta ba. A watan Fabrairu na 2011 babban rumbun lambobin na duniya ya ƙare kamar yadda aka yi hasashe, amma intanet ba ta tsaya ba, saboda rabo. Abin da ya fi ban dariya ma shi ne, kamfanonin wayar salula su ne manyan masu wannan sana'a: mutane masu ɗimbin yawa suke tarawa a bayan adireshi guda, kuma suna sayar da hanya fiye da faɗinta, bisa dogaro da cewa ba kowa zai fito a lokaci ɗaya ba. Shi ya sa rezo ke rarrafe da magariba. To in babba ya raba ana kiran abin fasaha, don me in ɗalibi ya raba za a kira shi sata? Kamfani mega ya sayar, an kuma biya shi lakadan. Ko baki ɗaya ne ya cinye ta cikin wata, ko baki takwas cikin kwana huɗu, ko ƙwaya ɗaya ba ta ƙaru a kan abin da aka auna ba.

Ɗaliban Amurka ma sun yi wannan tun kafin a haifi na Damagaram. A shekarun 1990 jami'o'in can suka shiga gasar ja wa ɗakunan kwana waya, har suna alfahari da cewa kowane matashin kai yana da kafar jona kwamfuta tasa. Ɗalibin da ke da kwamfuta biyu sai ya sayo ɗan akwati ya raba kafarsa gida biyu, hukumar jami'a ta yi ta faɗa da shi a kan kada ya dagula wa maƙwabta layi. Can matsalar mutum ɗaya ce mai na'ura da yawa. A nan mutane da yawa ne a kan ƙofa ɗaya, ƙofar ma ba jami'a ta gina ba, daga aljihunsu ta fito.

Dalilin ƙarancin kuwa tsoho ne. Nijar ba ta da teku, manyan igiyoyin da ke ɗauko intanet daga nahiya zuwa nahiya kuma a ƙarƙashin teku suke, saboda haka duk megar da ta iso Damagaram sai da ta ratso ƙasar wani, ta Kwatano ko ta wata gaɓa, an biya mata kuɗin hanya. Intanet ta shigo ƙasar nan a rabin ƙarshe na shekarun 1990 ta hannun kamfanin gwamnati, a lokacin da layin tarho na gida kansa sai wane da wane. An sayar da Sonitel a 2001 ga wata haɗakar 'yan Sin da 'yan Libiya, cinikin bai yi albarka ba, gwamnati ta karɓe abinta, a 2016 aka haɗa shi da SahelCom aka sami Niger Telecom. Waya ta bi gida-gida dai ba ta taɓa samuwa ba. Salula ce ta cike gurbin, daga Celtel da ya zama Zain sannan Airtel, zuwa Moov, zuwa Orange da ya shigo a 2008 ya tattara nasa ya nasa a 2019 ya bar wa Zamani. Har gobe mafi yawan 'yan ƙasar ba su amfani da intanet, wutar lantarki kuwa kusan mutum ɗaya cikin biyar ke samunta, a karkara abin ya fi haka muni.

Mutanen Tirmini sun daɗe da sanin yadda abubuwa ke wucewa ta ƙofarsu. A ƙarshen watan Yuli na 1899 a filinsu ne dakarun Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga suka tari ragowar rundunar Voulet da Chanoine, bindigar Nasara ta rinjayi doki da mashi, aka wuce aka ci birni. Bayan haka aka ja wayar tangaraho daga bariki zuwa bariki, ba don talaka ya gai da ɗan'uwansa ba, don kwamanda ya ji daga gwamna. Yau igiyar gilashi, wadda ma'aikata ke kira fibir, ita ce ta haɗa Yamai da Maraɗi da Damagaram, a 2016 kuma Bankin Raya Afirka ya amince da kuɗin wata da za ta ratsa Sahara, mai reshe daga Damagaram zuwa Tinkim a iyakar Nijeriya. Amma igiya a binne a gefen hanya ba ta amfanar wanda ba a buɗe masa kafa ba. Ƙaramar hukumar Tirmini, wadda ƙidayar 2012 ta samu da mutum sama da dubu 100, tana kallon manyan motoci na wucewa a kan kwalta, saƙonnin manya na wucewa a ƙarƙashin ƙasa.

Shekarun baya-bayan nan sun nuna yadda zaren yake da siriri. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta yanke wutar da take turowa bisa takunkumin CEDEAO, ba a maido da ita ba sai a 2024; ɗan akwatin kan taga kuwa ba ya aiki da addu'a, hasumiyar rezo ma haka. A ranar 14 ga Maris na 2024 igiyoyi huɗu suka tsinke a teku daura da gaɓar Kwaddibuwa, ƙasashen yammacin Afirka da dama suka wayi gari cikin rarrafe. Kafin nan, a watan Fabrairu na 2021, hannun hukuma ne ya rufe intanet ta salula na kimanin kwana goma bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa. A kowane karo, megar da ɗalibai suka yi wa karo-karo kwanakinta na tafiya ko an yi amfani da ita ko ba a yi ba.

Wannan duka ba ya nufin ɗakin da ake raba layi aljanna ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ƙaddara layin na iya ɗaukar megabit 10 a daƙiƙa: in an yi adalci kowane cikin takwas zai sami ɗaya da 'yan kai, wanda ya isa karatu da sauko da takardu. Amma akwatin bai san adalci ba sai an koya masa. Wanda ya fi yawan buɗe ƙofofi shi ke kwashe hanya, saboda haka mutum ɗaya mai sauko da fim ɗin Kano ko mai kallon ƙwallon Turai ya isa ya tsayar da mutum bakwai, ciki har da wanda gobe da safe zai miƙa wa malami aiki. Akwai kuma ɓarawon da ba shi da fuska: kwamfutar da ta tashi tsakar dare ta hau sabunta kanta, ta lashe rabon mako guda kafin asuba, gari ya waye ana zargin juna, alhali da an gaya mata cewa layin na awo ne da ta haƙura. Sai kuma zancen kalmar sirri. An ba aboki don kunya, aboki ya ba abokinsa, kafin mako ya zagayo ɗakuna uku na sha daga rijiyar da ɗaki ɗaya ya haƙa.

Daga nan siyasa ke shigowa, domin ɗakin nan wata ƙaramar ƙasa ce, da baitulmalinta da 'yan adawarta. Wanda layi ke hannunsa shi ne shugaba kuma shi ne ma'aji, yana iya canza kalmar sirri ya kori wanda suka yi saɓani da shi, yana iya tafiya ganin gida da wayar a aljihu ya bar jama'a cikin duhu. Wanda bai sami jikarsa ba a farkon wata fa, a yanke shi ne ko a ɗauke masa? Ɗakunan da suka zauna lafiya su ne waɗanda suka yi wa kansu doka tun ranar farko: a rubuta wanda ya biya a takarda a manna a bango, a ware sa'o'in karatu da ba a kallon fim, a canza kalmar sirri duk wata a gaban kowa, a kuma shiga cikin akwatin a yanka wa kowace na'ura iyakar abin da za ta ja, abin da yawancin akwatunan ke iya yi in an san inda za a taɓa. Yaran da suka iya wannan sun koyi wani darasi na tafiyar da dukiyar jama'a wanda wasu masu manyan riguna suka tsufa ba su koya ba.

Babban haɗarin dai yana wajen ɗaki, kuma shi ne aka fi yin shiru a kansa. An ce duniya lambar gida kaɗai take gani. To lambar nan tana kaiwa ga layi, layi kuma yana kaiwa ga katin shaidar mutum ɗaya. A 2019 Nijar ta kafa dokar yaƙi da laifuffukan intanet. A 2022 aka cire hukuncin ɗauri a kan zagi da ɓata suna, a watan Yuni na 2024 aka maido da shi, har ma yaɗa abin da aka ga zai iya dagula zaman lafiya yana iya kai mutum shekara biyar a gidan kaso. Gaskiya ne sau da yawa ta lambar waya ko ta sunan shafi ake kama mai laifi. Amma idan shafin na bogi ne, sawun da ya rage wa mai bincike shi ne adireshin da saƙo ya fito, shi kuwa a ƙofar mai layi yake tsayawa. Littafin dattijon zaure ba ya ajiye tarihi, da an gama magana yake gogewa. Ke nan yaron Tirmini da ya ba da katinsa don taimakon 'yan ɗaki yana iya kwana a hannun 'yan sanda saboda rubutun wani baƙo da bai taɓa gani ba, wanda ya sami kalmar sirri a hannu na uku, kuma ba shi da wata hujja da zai nuna cewa ba shi ba ne. Shari'a kan ce mai tuhuma shi ke kawo hujja, amma wanda ya san yadda tsare mutum kafin shari'a ke cin watanni ya san shekarar karatu ba ta jiran alƙali.

Akwai masu ƙorafi da ya kamata a saurara. Karo-karon 'yan ɗaki daban, kasuwanci daban. Wanda ya ɗauki layi marar iyaka a farashin gida ɗaya, ya jona shi da akwatin MikroTik, ya kafa sanda a kan rufi yana sayar wa unguwa tikitin awa-awa, ya shiga sana'a, sharuɗɗan layin gida kuwa galibi sun hana sake sayarwa. Abin ya ƙara bunƙasa da zuwan Starlink, mai sauko da intanet daga tauraron ɗan'adam, wanda ya fara aiki a Nijeriya a farkon 2023, na'urorinsa suka riƙa tsallako iyaka tun kafin ya fara aiki bisa izini a Nijar a 2025. Kamfanonin da suka biya kuɗin lasisi suka kafa hasumiyoyi suna da hujja in sun ce ana gasa da su ba tare da ɗaukar irin nauyinsu ba. Jami'an tsaro ma suna da tasu hujjar, a ƙasar da ke fama da 'yan bindiga, in sun ce ba su son ƙofar da kowa ke shiga ba a san shi ba. Amma hani ba ya kashe bukata, ɓoye ta kawai yake yi. Ranar da aka haramta rabo, sandar za ta sauko daga rufi ta shige ɗaki, mai bincike ya ƙara makancewa, talaka ya ƙara biya.

Damagaram kuwa ta fi kowane gari sanin maganin irin wannan, domin ta sha shi a kan ruwa. Birnin a kan dutse yake zaune, ruwansa daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Machaya, daga Arunguza, daga baya kuma Ganaram, kuma ba kowane gida ke da famfo ba. Hukuma ba ta taɓa cewa wanda ba shi da famfo ya mutu da ƙishirwa ba, ba ta kuma kira mai ɗiba a famfon unguwa ɓarawo ba. Abin da aka yi shi ne aka amince da famfon jama'a: mita ɗaya, mai kula ɗaya da aka san sunansa aka yi yarjejeniya da shi, farashi na musamman da hukuma ta tsayar, daga nan 'yan ga-ruwa su cika jarkoki su tura kura zuwa lungunan da bututu bai kai ba. Tsarin yana da aibobinsa, mai saye a jarka yakan biya fiye da mai famfo a gida, amma a fili ake yin sa, ana iya ƙorafi a kansa, ana iya gyara shi.

Wasu ƙasashe sun riga sun bi wannan hanya a kan intanet. A 2023 hukumar kula da sadarwa ta Togo ta fito fili ta ce sana'ar wifi ta unguwa halal ce muddin mai ita ya yi rajista. A Mankosi, wasu ƙauyuka na lardin Gabashin Kef a Afirka ta Kudu, mutanen gari da taimakon Jami'ar Western Cape suka fara kafa tasu hanyar sadarwa a 2012 mai aiki da hasken rana, suka mai da ita ƙungiyar gama-kai mai suna Zenzeleni, suna sayen layi a sari suna raba wa junansu. Ko a nan kusa, gidauniyar Fantsuam ta Kafanchan ta raba layi guda ga makarantu da ofisoshin yankinta ta iska tun cikin shekarun 2000.

Saboda haka abin da ke gaban hukumar ARCEP a bayyane yake: ta rubuta baƙi a kan fari cewa karo-karon da babu riba a cikinsa ba laifi ba ne, ta kuma buɗe wa masu sana'ar unguwa rajista mai sauƙi wadda za a iya yi a Damagaram ko Takeita ba sai an je Yamai ba, da farashin sari daga kamfanoni, da sharaɗin kowane tikiti a ɗaure shi da lambar wayar mai saye. Da haka baitulmali zai sami nasa, mai bincike ya sami sawu, mai layi ya huta da ɗaukar laifin wani.

Nauyi mafi girma dai a kan jami'a yake, da hukumar CROU mai kula da kwana da cin abincin ɗalibai. Jami'ar Damagaram, wadda ta tsiro daga cibiyar koyon fasaha ta 2008 ta zama jami'a a 2010, tana ɗauke yanzu da sunan André Salifou, masanin tarihin da ya rubuta tarihin daular Damagaram a ƙarni na 19. Makarantar da ke ɗauke da sunan mai bincike bai kamata a auna ta da layin da ke ofishin shugabanta ba. A auna ta da ɗakin kwana, ƙarfe goma sha ɗaya na dare, mako guda kafin jarrabawa, musamman ɗakunan 'yan mata, waɗanda ba su da damar fita su tsuguna a gindin bangon wani ofis cikin duhu don neman rezo. Akwai haɗakar sadarwar jami'o'i ta NigerREN, wadda ke cikin ƙungiyar WACREN ta yammaci da tsakiyar Afirka, kuma dalilin kafa irin waɗannan haɗakar shi ne jami'o'i su sayi layi tare a farashin sari. Akwai kuma tsarin eduroam da aka fara a Turai a farkon shekarun 2000, inda kowane ɗalibi ke shiga da sunansa da kalmar sirrinsa. Nan ma rabo ne, layi ɗaya ga dubban kawuna, amma kowa da igiyarsa a wuyansa. A lissafa layin ɗakin kwana cikin kasafin shekara tare da ruwa da wuta da shinkafa, a haɗa masa faifan hasken rana da batir, kada a bar shi ya zama kyautar wani kamfani da za a yanke ranar da aka gama ɗaukar hoto.

Ita ma USN tana da abin dubawa. Ƙungiyar da aka zubar da jinin 'ya'yanta a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu na 1990, jinin da ya share hanyar babban taron ƙasa na 1991 wanda shi André Salifou ya shugabanta, ta saba da jerin bukatu na gargajiya: tallafi, abinci, motar ɗalibai, gado. Lokaci ya yi da layi zai shiga jerin, da lambobi a rubuce, megabit nawa ga ɗalibi nawa, domin alkawarin da ba shi da lamba ba a iya kama mai shi. Kafin a kai can, ba ya bukatar izinin kowa a tara sababbin ɗalibai a farkon shekara a nuna musu yadda ake canza kalmar sirrin da akwati ya zo da ita daga shago, da yadda ake ganin sunayen na'urorin da suka hau layi, da abin da dokar 2024 ta tanada.

Sai Tirmini kanta. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 100 don shirin kai sadarwa ƙauyuka kimanin 2,000 a Nijar, akwai kuma asusun da kamfanonin waya ke zuba wani kaso na cinikinsu domin a kai layi inda riba ba ta kai su. Hukumomin garin suna da ikon tambaya a rubuce ko nawa ne daga ciki ya sauka a ƙasarsu, su kuma nemi a buɗe kafa guda da za ta ciyar da makarantar sakandare da gidan likita da ofishin magajin gari, da ɗaki ɗaya mai benci da wuta inda ɗaliban da suka dawo hutu za su zauna. A halin da ake ciki, idan damina ta faɗi aka rufe jami'a, ɗan akwatin kan taga yana bin wanda sunansa ke kan layi zuwa garinsu, ko Mirya ko Magarya ko Tanut. Sauran bakwai kowa ya koma sayen mega ta kwana ɗaya, na Tirmini kuma ya yini a gona, da yamma ya fito bakin kwalta da kwamfuta a jaka, yana ɗaga waya sama yana neman inda za ta kama.